Daga Gaya zuwa Mahaɗar Ruwa: Kwana Uku na Farko a Lakwaja



An nemi mu yi magana a kan amfanin tafiya ga mai neman ilmi. Da muka auna faɗin wannan batu, sai muka ga idan muka ce za mu rungume shi gaba ɗaya, ƙarshenta karin magana za mu yi ta jerawa, a tashi ba wanda ya ƙaru da kome. Saboda haka muka taƙaita a kan gari guda da kwana uku, watau kwanakin farko da mu, 'yan ƙasar Gaya da Ajingi, muka yi a Lakwaja, garin da ake rubutawa Lokoja a taswira, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu. Mun ɗauki kwanakin farko ne domin a cikinsu idon baƙo yake a buɗe. In ya yi wata guda ya saba, abin da ya tsayar da shi ranar saukarsa sai ya riƙa wuce shi bai ko waiwaya ba. Mun ɗauki Lakwaja kuwa domin da yawa daga cikinku za ku ratsa ta, waɗansu a kan hanyar zuwa aikin bautar ƙasa, wanda aka kafa tun 1973 musamman don a kai matashi inda ba a haife shi ba, waɗansu kuma takardar canjin wurin aiki ce za ta kai su. Galibinmu abin da muka sani game da garin bai wuce tsayawar mota a ci abinci a yi salla ba. Abin da muke so mu tabbatar a wannan zama shi ne, al'amuran da suka auku a bakin wannan ruwa sun iso har ƙofar gidajenmu a gabashin Kano, jiya da yau, kuma wanda ya ratsa garin ido rufe ya tsallake wani babi na tarihin kansa.

Ruwan da Muka Sani

Kafin mutum ya fahimci kogin wasu, sai ya san nasa. Kogin da muka tashi da shi shi ne wanda ya ratsa Wudil. Kogin Kano da na Calawa ne suka haɗu kudu da birni suka haife shi, ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil, ya gifta gefen ƙasar Ajingi, ya nufi Ringim da Haɗeja, ya gamu da na Jama'are wajen Gashuwa, daga nan ake kiransa Yobe har ya kai Tafkin Cadi. Abin lura a nan shi ne, ɗigon ruwan da ya sauka a gonar gero a Kademi ko Toranke ba zai taɓa ganin teku ba. Arewa maso gabas ya dosa, ya ƙare a fadama, ko cikin rairayi, ko a tafkin da ba shi da mafita. Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kogin na damina ne. Da rani iyayenmu sukan taka rairayinsa da jakuna, a tona 'yar rijiya a tsakiyarsa a sha.

Yadda ruwanmu ya ba teku baya, haka kasuwancinmu ya ba shi baya ƙarnuka da dama. Kanwa da gishiri daga Barno da Manga da Bilma suke zuwa, ayarin raƙuma daga Agadas da Tarabulus, maniyyata aikin haji kuma su bi ta gabas. Goro ne babban kayan da yake jan fatakenmu kudu maso yamma, zuwa Gwanja, shi ma a ƙasa ake zuwa ɗauko shi. Su kansu Abagayawa, maƙeran da tarihin baka ya ce daga Gaya suka tashi suka zauna gindin Dala don neman tama, tafiyar ƙasa suka yi. Mu mutanen tudu ne, ma'aunin nisanmu zango ne, abin hawanmu jaki da doki da raƙumi. Da wannan ido muka tasam ma Lakwaja.

Hanya

Mota takan tashi daga Gaya da asuba, ta bi Wudil ta shiga Kano, sa'an nan Zariya, Kaduna, Abuja, Abaji, har Koton Ƙarfe, tafiyar da ta haura kilomita 600. Mai barci a mota ya yi asara, domin ƙasar tana sauya kama a gaban idonsa. Gawo da goruba sukan yi ƙaranci bayan Zariya, kaɗanya da ɗorawa su yawaita. Bayan Abuja kuwa ciyawa ta fi mutum tsawo, kunyar gero ta koma tulin doya, kwakwar manja ta fara leƙowa daga cikin kwari. Kayan tallar bakin hanya ma suna ba da labari, rake da fura da ƙuli-ƙuli su ja baya, doya da garin rogo da ayaba da manja su karɓi wuri.

Gaba kaɗan da Koton Ƙarfe, a Jamata, sai ga gadar Murtala Muhammad. A nan ne mutumin Gaya yakan yi shiru. Duk abin da ya sani da sunan kogi, ana iya ƙwala wa mutum kira daga wannan gaɓa ya amsa daga waccan. Wannan kuwa, kwalekwalen da ke tsakiyarsa bai fi ɓawon gyaɗa ba a ido. Kwara ke nan, wanda ya taso daga tsaunukan ƙasar Gini, tsawonsa zuwa teku wajen kilomita 4,200, ya bi ta Bamako, ya gifta kusa da Tambutu, ya ratsa Gao da Yamai. Wani abin sha'awa a gare mu shi ne, kafin ya shigo Nijeriya sai da ya bi ta gaban wani gari mai suna Gaya a Jamhuriyar Nijar, takwarar tamu, sa'an nan ya sauko Yawuri da Kainji da Jebba da Baro.

Rana ta Farko: Bakin Ruwa

Abin da ya fara tarye mu a garin shi ne iska. Zafin Gaya mun san shi, busasshe ne, wanda ya shiga inuwar darbejiya ya tsira. Na Lakwaja jiƙaƙƙe ne, gumi ya fito ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya, inuwa kuma ba ta raba mutum da shi, domin garin a ƙasa-ƙasa yake, a matse tsakanin dutse da ruwa. Wanda aka turo aiki nan ya zo da gidan sauronsa a jaka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun ba da ranar farko ga bakin ruwa, domin garin kogi daga mashigarsa ake karanta shi, kamar yadda ake karanta garin tudu daga ƙofar fada da kasuwa. Mashigar jirage suna kiranta Kpata, kalmar Nufanci ce, kasuwar da ke wurin ma da wannan suna aka san ta. Tun da sassafe jirage suke isowa daga ƙauyukan ƙetare da na sama, dogaye, na katako, an ɗaura musu inji a baya, shaƙe da doya da buhunan shinkafa da itacen girki da awaki da mata masu kwandunan kifi. Kifin da muke gani a Wudil duk akwai shi, tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da ƙurungu, sai dai giwan ruwan nan wani lokaci sai mutum biyu sun kama shi. Mafi yawa banda ake yi da shi, don a irin wannan zafi ɗanyen kifi ba ya kwana.

Kunne ma yana da aikinsa. A ɗan taƙaitaccen wuri mun ji harsuna sun fi biyar. Akwai Nufawa da Kakanda, waɗanda tun kafin zuwan Turawa su ne gwanayen tuƙi a wannan yanki, akwai Oworo masu ƙasar tudu, akwai Bassa-Nge da Igala daga ƙetaren ruwa, ga Igbira, ga Yarabawa. Amma in ciniki ya haɗa mutum biyu da ba sa jin harshen juna, sau da yawa Hausa ce take raba gardama, ko kuwa Turancin kasuwa. Wata dattijuwa mai kifi da ta ji lafazinmu ta ce, “Samari, ku Kanawa ne ko? Sannunku da hanya.” Muka ce, “Yauwa Inna, daga Gaya muke.” Ta ce ba ta san Gaya ba, amma ta san Wudil, garin da ake lodo shanu ranar Juma'a.

Sarkin garin ma sarautarsa da Hausa take, Maigari ake ce masa. Jihar kuma da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991, aka mai da Lakwaja babban birninta, sunanta Kogi, kalmar da ba ta bukatar fassara a wurinmu. Amma fa kada wannan ya sa mu girman kai. Hausa ta sami gindin zama a nan ne domin fatake da malamai da sojoji da 'yantattun bayi sun kawo ta, suka zauna da masu ƙasa, suka yi auratayya da su. Baƙon da ya ɗauka jin Hausarsa da ake yi ya ɗauke masa nauyin koyon gaisuwar Nufawa ko ta Igala, lissafinsa bai fita ba.

Da la'asar muka yi hayar jirgi zuwa mahaɗar kanta. Matuƙin, wanda ya ba kowannenmu rigar kariya daga nutsewa bayan mun nema, ya kashe inji ya nuna mana layin da ruwan biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su gauraye. Shi Binuwai daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru ya fito, ya bi Garwa da Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, tafiyar wajen kilomita 1,400.

Rana ta Biyu: Dutsen Pati

Kashegari muka hau Dutsen Pati, wanda ya tsaya a bayan gari, samansa a shimfiɗe kamar faifai. Daga can mutum zai ga kogunan biyu sun zo sun haɗu kamar gwafa, watau farin zanen nan mai rassa biyu da ke tsakiyar tambarin Nijeriya. Wanda ya tsaya a nan ba ya bukatar malami ya gaya masa dalilin da ya sa Turawa suka ƙwallafa rai a kan wurin. Duk wanda ya riƙe wannan mahaɗa ya riƙe ƙofar Nufe da Yawuri ta hannu ɗaya, ƙofar Muri da Adamawa ta ɗaya hannun, ga kuma hanyar teku a buɗe zuwa kudu.

Shekaru da yawa Turawa ba su san inda Kwara ya ƙare ba. Mungo Park ya halaka a Busa a 1806 yana neman amsar. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka biyo ruwan cikin kwalekwale, suka wuce ta gaban wannan dutse, suka fita teku. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku masu tafiya da tururi, aka karɓi fili a nan daga hannun Attan Igala na Idah don a kafa gonar gwaji. Zazzaɓi ya kashe Turawa sama da 40, shirin ya watse. Amma cikin wannan tafiya akwai mutum biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe sunansu, watau Samuel Ajayi Crowther, da wani Bajamushe mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. Ashe ke nan rubutun bokon da ake buga mujallarku da shi, ɗaya daga cikin saiwoyinsa a wannan ruwa ta sha.

A 1854 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, William Balfour Baikie, ya shigo da jirgi mai suna Pleiad, ya hau Binuwai, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ya koma ba wanda ya mutu. Wannan magani mai ɗaci ya yi abin da igwa ba ta yi ba, domin shi ya karya lagon zazzaɓin da ke gadin ƙofar ƙasashenmu ta kudu. Baikie ya dawo, wajen 1860 ya zauna a gindin dutsen da yardar Sarkin Nufe Masaba, ya buɗe kasuwa, ya tara fatake da 'yantattun bayi, ya koyi Hausa. A 1862 ya yi tattaki daga nan har ƙasar Kano, ya gana da Sarki Abdullahi Maje Karofi. Ku riƙe wannan suna, za mu komo kansa.

Bayan likita sai ɗan kasuwa, bayan ɗan kasuwa sai soja. Kamfanin Royal Niger Company na George Goldie ya sami takardar izinin mulki daga Ingila a 1886, ya ajiye dakarunsa a Lakwaja, daga nan suka tashi suka ci Bida da Ilori a 1897. Ranar 1 ga Janairu 1900, a wannan gari, aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, Frederick Lugard, wanda kakanninmu suke kira Gwamna Lugga, ya yi shelar cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin ikon Ingila. Da wuya a ce akwai wanda ya ji wannan labari a Gaya ranar nan; hatsi ya shiga rumbu, ana shirin fataucin rani. Shekara uku da wata ɗaya bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu 1903, rundunar Kanar Morland ta shiga Kano da ƙarfin igwa. Turawan cikinta 'yan kaɗan ne. Mafi yawan masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, da yawansu Hausa suke ji, da ita ma ake ba su umarni. Wannan gaskiya ce mai ɗaci da ya kamata mai shirin shiga aikin hukuma ya tauna, domin kowane mulki da hannun 'yan ƙasa yake aiki.

Sa'an nan aka shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara sama da Lakwaja, ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano suka ba su gyaɗa. Daga 1912 gyaɗar da kakanninmu suka noma a jigawa, suka biya haraji da kuɗinta, ta kama hanyar teku, wata ta Ikko, wata ta Baro ta gangara ta gaban wannan dutse. Cikin 'yan shekaru ƙasar da ta daɗe tana fuskantar hamada ta juya ta fuskanci teku.

Rana ta Uku: Kabawa

Rana ta uku ta fi sauran nauyi a zuciya. A unguwar Kabawa, cikin tsohon gari, akwai kaburburan sarakunan Arewa da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. Dabarar a fili take, a raba sarki da jama'arsa, a ajiye shi kusa da bariki, inda iska ba tasa ba, abinci ba nasa ba. An kawo Sarkin Zazzau Kwasau, an kawo Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, shahararren marubucin waƙoƙi, wanda su Turawan ne suka naɗa shi a 1903 suka kuma tuɓe shi wajen 1920, ya rasu a nan a 1924. An kawo waɗansu daga Bida da Gwandu. Akwai kuma namu, Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda muka fi sani da Alu.

Alu ɗan Abdullahi Maje Karofi ne, sarkin nan da Baikie ya taso daga Lakwaja ya je wurinsa a 1862. Uban ya karɓi baƙo daga bakin ruwa, ɗan kuwa aka kai shi bakin ruwan yana hannun mutanen baƙon. Ƙarfin Alu kuma a ƙasarmu ta gabas ya tsiro. Lokacin basasar Kano, da Yusufawa suka fice daga birni a 1893 don ƙin sarautar Tukur, Takai suka mayar sansaninsu. Yusufu ya rasu a Garko, jama'a suka bi Alu, ya shiga Kano a 1894. Takai da Garko maƙwabtanmu ne, wutar da ta ci su kuwa ba ta bar ƙasar Gaya ba hayaƙi. Alu ya yi shekara tara a kan gado yana fama da Damagaram. Sa'ad da Turawa suka iso Kano yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Ya rabu da rundunarsa da dare ya nufi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir, Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, aka naɗa ɗan'uwansa Abbas. An kai Alu Yola, daga baya aka mai da shi Lakwaja, ya zauna har ya rasu a 1926. Masana sun yi saɓani a kan hukuncin da ya yanke a daren nan, waɗansu sun kira shi gudu, waɗansu hijira, ba kuwa aikinmu ba ne mu raba wannan gardama a yau. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne shekara 23 da mutumin ya yi a tsare, mafi yawansu a gindin wannan dutse, yana kallon ruwan da ba ya zuwa Kano.

Bayan mun yi addu'a muka tambayi dattijon da ya raka mu ko Kanawa suna zuwa ziyara. Ya ce, “Suna zuwa, 'ya'yana, amma ba kamar yadda motocinku suke wucewa ba.”

A wannan rana kuma muka ga maƙabartar Turawa, inda shekarun da aka rubuta a kan duwatsu suka nuna da yawansu samari ne, sa'o'inku. Muka ga makarantar Holy Trinity da mishan ɗin Crowther ta kafa a 1865, wadda ake lissafa ta makarantar boko ta farko a Arewa, shekara 44 kafin Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano a 1909.

Abin da Ruwan ke Ɗauke da Shi a Zamaninmu

Kada a ɗauka zancen duk na jiya ne. A unguwannin bakin ruwa, irin su Adankolo da Ganaja, mun ga shatin laka a jikin bango, wani wuri har sama da taga. Kwara da Binuwai duka suna kai ƙarshen cikarsu tsakanin Satumba da Oktoba. In damina ta yi ƙarfi, aka kuma saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, da na Kainji da Jebba da Shiroro, to duk a nan yake haɗuwa. A 2012 da 2022 ma'aunin ruwa na Lakwaja ya kai wajen mita 13. A ambaliyar 2012 hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta lissafa mutum 363 da suka rasu a faɗin Nijeriya, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A ta 2022 mamatan sun haura 600. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa tun shekarun 1980 don ta tare ruwan Binuwai, har ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba. Duka shekarun biyu ruwa ya hau kan hanyar Abuja wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye, tankokin mai suka kasa haurowa Arewa, shanu da hatsi suka kasa gangarawa Kudu. Falken da ya yi lodi a Wudil, da mai injin ban-ruwa a fadamar Ajingi da ke neman fetur, duk sun ji a jikinsu. A damanar 2022 ɗin kuma namu kogin ya yi tasa ɓarnar, daga Wudil da Ajingi har Ringim da Haɗeja.

Kudu da gari, a bakin Kwara, akwai Ajakuta. An ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar ƙarfe a can da Tarayyar Sobiyat a 1979, saboda akwai tama a Itakpe, ga ruwa a kusa. Fiye da shekara 40 suka shuɗe ba a hura babban tanderun narka tamar ba. Ga jikokin maƙeran da suka narka tama a gindin Dala da gawayi da zuga-zugi, wannan abin a zauna a yi tunani ne. Daga Ajakuta ɗin ne kuma aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 zuwa Kaduna da Kano a 2020. Bugu da ƙari, hedkwatar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa a Lakwaja take. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, a 2019 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro. Duk da haka, a kwana ukun da muka yi, manyan motoci muka ga suna ɗauke da siminti da mai da hatsi suna cin kwalta, kogin kuwa sai ƙananan jirage. Duk waɗannan ayyuka a kan teburin ma'aikata suka kwana, ma'aikatan kuwa dā ɗalibai ne kamarku.

Kammalawa

Daga abin da muka gani, ga shawarwarin da muke ba wanda aka tura garin da bai sani ba, ko Lakwaja ce, ko Makurɗi, ko Yola, ko Anaca. Na farko, kada ya ƙare makonsa na farko tsakanin ofis da masauki da majalisar 'yan garinsu. Ya je kasuwa da mashigar ruwa da ƙafarsa. Na biyu, ya koyi gaisuwar masu gari kafin ya koyi sunan mai gidansa a ofis. Na uku, ya nemi dattijo ya tambaye shi wa aka binne a nan, wa ya fara zama, matambayi ba ya ɓata. Na huɗu, ya dubi bango ya nemi shatin ambaliya kafin ya kama haya, kafin kuma ya sa hannu a takardar filin wani. Na biyar, ya rubuta abin da ya gani a daren da ya gan shi, tun sabo bai rufe masa ido ba.

Wannan ido kuma a dawo da shi gida. Cikinmu nawa ne suka taɓa bin kogin Wudil daga gada zuwa iyakar Ajingi don su ga inda yake karya gaɓa kowace damina? Nawa ne suka san labarin Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda tarihin Kano ya ce ya yi shekara uku bai kai wa Sarki Dadi haraji ba? Muna roƙon ƙungiya ta shirya ziyara zuwa Lakwaja a hutun kaka, lokacin da ruwa ya fara ja da baya, a kwana uku a can, a kuma ware shafi a mujallar ƙungiya ga duk wanda ya je wani gari ya dawo da rubutu. Zuwa da kai ya fi aike.

 Allah ya kai mu ya dawo da mu lafiya.